Yadda Za A Kare Lafiyar Ƙwaƙwalwar Ma'aikata A Wurin Aiki

Na taɓa aiki a wani ofis inda muke da wani akawu mai kula da takardun kuɗi, mutumin da ya shekara takwas ba a taɓa kama shi da kuskuren lissafi ba. Sai aka rage ma'aikatan sashensa daga huɗu zuwa biyu ba tare da an rage aikin ba, aka kuma ɗora masa amsa wayar masu bin ofishin bashi. Cikin wata uku muka ga ya sauya. Ya daina zama hira da mu a lokacin hutun rana, yana zuwa da safe idanunsa jajur, yana maimaita lissafi ɗaya sau uku kafin ya yarda da shi, kuma wata rana ya ɗaga wa wata abokiyar aikinmu murya a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Abin da hukumar ofishin ta yi shi ne ba shi takardar tuhuma, mu kuma abokan aikinsa muka ce masa ya yi haƙuri. Har yau abin yana ci mini rai, domin a cikinmu babu wanda ya yi tambayar da ta kamata: me aka sauya a aikin mutumin nan har shi ma ya sauya?

Wannan tambaya ita ce ginshiƙin duk abin da zan faɗa. Idan aka tashi maganar lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki, yawancin ma'aikatu sukan fara ne da ma'aikacin: a shirya masa lacca a kan yadda zai shawo kan damuwa, a manna takarda a bango mai cewa ya kula da kansa, a tuna da shi ranar 10 ga Oktoba da ake bikin lafiyar ƙwaƙwalwa a duniya, sannan a mayar da shi kan teburin da ya jawo masa ciwon. A ganina wurin farawa shi ne aikin kansa, wato yawansa da tsarinsa da lokacinsa da halin masu ba da umarni a cikinsa. Idan rami ne a kan hanya yake karya ƙafafun mutane, cike ramin ya fi ƙara yawan masu ɗori amfani, ko da yake su ma masu ɗorin ba za a rasa bukatarsu ba.

Mutane da yawa da zarar sun ji an ce larurar ƙwaƙwalwa sai hankalinsu ya tafi kan hauka tuburan, alhali mafi yawan abin da ake nufi shi ne ciwon damuwa, da fargabar da ba ta barin mutum ya sake, da rashin barci, da galabaitar da ke sa mai ƙwazo ya koma kamar ba shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kashi 15 cikin ɗari na waɗanda suke cikin shekarun aiki suna fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa. Idan aka ɗauki wannan lissafi a kan ofis mai mutum 20, ana maganar mutum 3 ke nan, kuma mai yiwuwa shugabansu bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Hukumar ta kuma ce kowace shekara duniya tana asarar kwanakin aiki kimanin biliyan 12 saboda ciwon damuwa da fargaba, asarar da ta kai kusan dala tiriliyan 1. Wannan ne ya sa a watan Satumba na 2022 ta fitar da jagora a kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki, tare da takardar shawarwari da suka haɗa hannu da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya wajen shiryawa.

Gano inda aikin yake cutarwa

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka matakin farko shi ne a tambayi ma'aikata. Amma kafin a tambaye su, yana da kyau mai tambayar ya san abin da yake nema, domin idan aka ce wa mutum kawai ya faɗi damuwarsa, zai ce albashi, ya tsaya a nan, alhali akwai abubuwan da suka fi albashi cin ransa waɗanda bai saba ba su suna ba.

A shekarar 1979 wani masani ɗan Amurka mai suna Robert Karasek ya nuna cewa abin da ya fi cutar da ma'aikaci shi ne haɗuwar abu biyu: a jibga masa aiki mai yawa, sannan a hana shi ikon yanke shawara a kan yadda zai yi shi. Likitan tiyata yana aiki mai nauyi ƙwarai, amma yana da ta cewa a kan tsarin aikinsa. Mai amsa wayar abokan hulɗa, wanda aka ƙayyade masa abin da zai faɗa da mintocin da zai yi da lokacin da zai tashi ya kama ruwa, shi ne ke cikin matsi na gaske. Binciken da Michael Marmot ya jagoranta tun daga 1985 a kan ma'aikatan gwamnati sama da 10,000 a birnin Landan ya ƙarfafa wannan magana, domin an gano cewa waɗanda suke da ƙarancin iko a kan aikinsu sun fi kamuwa da ciwon zuciya, kuma na ƙasa a matakin aiki sun fi na sama shan wahala ta fuskar lafiya. Wani masanin kuma, Johannes Siegrist, ya ƙara da cewa rashin daidaito tsakanin wahalar da mutum ke sha da sakayyar da yake samu shi ma cuta ne, kuma sakayya a nan ta haɗa da albashi da yabo da ƙarin girma da tabbacin cewa ba za a wayi gari a sallame shi ba.

Hukumar da ke kula da lafiya da kariya a wuraren aiki ta Birtaniya ta tattara waɗannan abubuwa a 2004 zuwa fannoni shida, kuma ban san wata hanya da ta fi su sauƙin amfani ba ga mai son farawa. Ana duba yawan aikin da ake nema daga mutum, da ikon da yake da shi a kansa, da goyon bayan da yake samu daga shugabanni da abokan aiki, da yadda zamantakewa take a wurin, da ko ya san iyakar aikinsa da wanda zai kai wa rahoto, da kuma yadda ake sanar da shi idan za a kawo sauyi. Na biyar ɗin nan mutane sukan raina shi, amma wanda yake da shugabanni biyu, kowanne yana ba shi umarnin da ya saɓa wa na ɗayan, kullum yana kwana da sanin cewa gobe zai ɓata wa wani rai ko da me ya yi.

Wajen tambayar kuwa, a yi amfani da takarda ko fom na intanet wanda ba a rubuta suna, kuma kada tambayoyin su yi yawa har su gundiri mai amsawa. A sashen da mutane ba su wuce huɗu ko biyar ba, rashin rubuta suna ba ya ɓoye kowa, saboda haka gara a haɗa amsoshinsu da na wani sashe kafin a nuna wa shugabanni. Bayan haka a zauna da ƙananan rukunoni ba tare da shugabansu yana wurin ba, a bar su su yi bayani da bakinsu. Sannan a duba abin da takardun ofis suke faɗa: wane sashe ne ya fi yawan hutun rashin lafiya, daga ƙarƙashin wa mutane suka fi ajiye aiki ko neman a sauya musu wuri, su waye suka shekara biyu ba su ɗauki hutunsu ba. Idan mutum shida suka bar sashe ɗaya cikin shekara guda, ba sai an yi dogon bincike ba kafin a san inda za a fara dubawa.

Akwai gargaɗi ɗaya da nake so in jaddada. Kada a tambayi mutane idan ba a shirya gyara komai ba. Ma'aikacin da ya buɗe cikinsa ya faɗi abin da ke damunsa, sannan wata shida suka wuce bai ga ko ƙeyar sauyi ba, ba zai ƙara amsa irin wannan tambaya da gaskiya ba, kuma ya fi wanda ba a taɓa tambaya ba jin zafi. Ya fi kyau a zaɓi matsala ɗaya ko biyu da za a iya magancewa cikin wata uku, a faɗa wa kowa cewa ga abin da aka ji, ga wanda za a yi yanzu, ga wanda ba za a iya ba da dalilinsa.

Lokacin aiki da lokacin hutu

Yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a 1919 a kan lokacin aiki take, inda ta ƙayyade awa 8 a rana da awa 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu. Bayan sama da shekara ɗari, a 2021, ƙungiyar da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a shekarar 2016 ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya, kuma mai irin wannan aiki haɗarin shanyewar ɓarin jiki a kansa ya ƙaru da kashi 35 cikin ɗari idan aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40. Jiki da ƙwaƙwalwa ba a raba su, abin da ya gajiyar da ɗaya ya gajiyar da ɗayan.

Gyaran a nan a aikace yake. A ƙidaya awannin da mutane ke yi da gaske, har da waɗanda suke yi a gida bayan an tashi. Idan aikin sashe ba ya ƙarewa sai an kai dare kullum, to ko dai a ƙara hannu, ko a rage aikin, ko a ɗage wa'adi, domin babu wata hanya ta huɗu. Masu aikin karɓa-karɓa a ba su jadawalinsu da wuri yadda za su tsara barcinsu da harkokin iyalinsu, kuma kada a sa mutum dutin dare sannan a ce ya dawo da sassafe. Hutun shekara a tabbatar kowa ya ɗauka, kuma a samar da wanda zai riƙe aikin, domin hutun da za a dawo a tarar da aikin mako uku ya taru yana jira, tsoro yake ba mutum tun kafin ya tafi.

Sai kuma waya, wadda ta rushe katangar da ke tsakanin ofis da gida. Faransa ta ga wannan matsala har ta sa doka, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2017, cewa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da ma'aikatansu a kan 'yancin kashe na'urorin aiki bayan an tashi. Ba sai an jira doka ba. Ma'aikata za ta iya yanke cewa saƙon da aka aiko bayan lokacin aiki ba wajibi ba ne a amsa shi sai gari ya waye, a kuma fayyace abin da ake kira gaggawa da wanda za a kira idan ta taso. Amma wannan ƙa'ida ba ta aiki sai shugaba ya fara bin ta, domin idan yana aika saƙo a dandalin WhatsApp na ofis da ƙarfe 11 na dare, na ƙasa da shi za su amsa ko da an ce musu ba dole ba ne.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana galabaitar aiki a matsayin abin da ke tasowa daga matsin aiki na dogon lokaci wanda ba a shawo kansa ba, ta kuma ba shi alamu uku: ƙarewar kuzari, da jin mutum ya yi nisa da aikinsa ko ya tsane shi, da raguwar ƙwarewa. Abin lura shi ne hukumar ta jingina shi ga aiki ne. Wanda ya galabaita, hutun mako ɗaya zai ɗan farfaɗo da shi, amma idan ya dawo ya tarar da komai yadda ya bar shi, cikin 'yan makonni zai koma gidan jiya.

Shugaban sashe da yadda zai buɗe magana

Babu wanda ya kai shugaban da ke saman mutum kai tsaye tasiri a kan yadda zai wuni. Shi ke raba aiki, shi ke ba da izinin fita, shi ke yabo ko tsawa, kuma shi ne zai fara ganin sauyi idan yana da ido. Sau da yawa an ba shi muƙamin ne saboda ya iya aikin hannunsa, ba a taɓa koya masa riƙon mutane ba. Shi ya sa jagorar 2022 ta ba da shawarar a horar da manajoji, kuma idan kuɗin da ma'aikata ke da shi na abu ɗaya ne tak, ni a nan zan ce a kashe shi.

Abin da ake koya wa shugaba bai kai ga gano cuta ko ba da magani ba, wannan aikin likita ne. Ana koya masa ya lura da sauyi: mai zuwa da wuri ya fara makara, mai fara'a ya yi shiru, mai haƙuri ya fara faɗa, mai tsafta ya daina kula da kansa, kurakurai sun fara yawa a inda ba a saba ganinsu ba. Sannan a koya masa yadda zai buɗe magana. Ya zaɓi wurin da babu mai jin su, da lokacin da ba ya sauri, ya ajiye wayarsa, ya fara da abin da ya gani da idonsa.

“Malam, kwana biyun nan na ga ba ka da walwala kamar yadda na san ka, kuma rahoton makon jiya ya zo a makare, abin da ba halinka ba. Ban kira ka don tuhuma ba. Lafiya dai ko?”

Amsar farko kusan kullum ita ce, “Lafiya lau, ranka ya daɗe, gajiya ce kawai.” A nan ne yawancin shugabanni suke cewa to madalla, su sallami mutum, suna ganin sun sauke nauyi. Wanda ya iya kuwa sai ya ɗan yi shiru, ya bar mutumin ya numfasa, sannan ya ce, “Gajiyar daga aikin nan take, ko akwai wani abu? Idan akwai abin da ke hannuna da zai rage maka, ina so in sani.” Wani lokaci ba a ranar za a samu amsa ba, sai bayan mako guda mutumin ya ƙwanƙwasa ƙofa da kansa, domin ya gane cewa maganar ba tarko ba ce.

Idan ya fara magana, aikin shugaba shi ne saurare. Kada ya katse shi da labarin tasa wahalar, kada ya ce kowa ma yana da matsala, kada ya ce wasu sun fi shi shiga uku, kada ya ce ya zama namiji. Duk waɗannan kalmomi, ko da da kyakkyawar niyya aka faɗe su, saƙonsu ɗaya ne: yi shiru. A ƙarshen zaman su amince a kan abu ɗaya ko biyu da za a yi, misali a ɗauke masa wani aiki na wata guda ko a ɗage masa wani wa'adi, su kuma sa ranar da za su sake zama, kuma shugaban ya cika alkawarin ranar.

Sirri shi ne jarin wannan aiki gaba ɗaya. Abin da aka faɗa a wannan zama ba na hira ba ne, kuma idan dole sai an sanar da sashen kula da ma'aikata, a gaya wa mai maganar tukuna, a kuma faɗi iya abin da ake bukata. Sau ɗaya labarin wani ya fita, an rufe bakin kowa na shekaru.

Akwai kuma halin yau da kullum, wanda ya fi kowane zama na musamman nauyi. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard, a binciken da ta yi a asibitoci a shekarun 1990, ta lura cewa rukunonin ma'aikatan jinya masu kyakkyawan shugabanci sun fi kai rahoton kurakurai, saboda ba sa tsoron faɗin kuskurensu, yayin da a wasu rukunonin ake ɓoyewa. Wurin da mutum zai iya cewa “na yi kuskure” ko “aikin nan ya fi ƙarfina” ba tare da an wulaƙanta shi ba, a nan ne kuma zai iya cewa “ba ni da lafiya”. Shugaban da ke gyara a keɓe, yana yabo a bainar jama'a, yana amsa nasa kuskuren idan ya yi, ya riga ya yi rabin aikin. Kada kuma a manta shi ma shugaban sashen mutum ne, a matse yake tsakanin na sama da na ƙasa, kuma yana bukatar wanda zai saurare shi.

Cin mutunci da cin zarafi

Babu laccar da za ta amfani wanda ake muzantawa kullum a gaban abokan aikinsa, ko ake ware shi daga taro, ko matar da shugabanta yake matsa mata da neman lalata yana riƙe da ƙarin girmanta a hannunsa. A 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190, wadda ta tabbatar da haƙƙin kowa na yin aiki ba tare da tashin hankali da tsangwama ba. Abin da ake bukata a aikace shi ne rubutacciyar ƙa'ida da ta ambaci halayen da aka hana da sunansu, da hanyar kai ƙara fiye da ɗaya, domin sau da yawa wanda za a kai wa ƙarar shi ne mai laifin, da wa'adin da za a kammala bincike, da kariya ga mai ƙara da shaidunsa daga ramuwar gayya. Gwajin ƙa'idar yana zuwa ne ranar da aka kawo ƙarar wani babba ko wani mai kawo wa kamfani kuɗi. Idan aka sauya wa mai ƙara wuri aka bar wanda ake ƙara a kujerarsa, kowa ya fahimci darasin.

Idan abin ya kai ga rashin lafiya

Ko da an gyara aiki iya gyara, wasu za su kamu da rashin lafiya, domin akwai gado, akwai rashi, akwai matsalolin gida. Idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya ɗauki mako biyu ko fiye kusan kullum, tare da rikicewar barci ko cin abinci, ko mutum ya kasa tara hankalinsa, ko ya fara dogara da giya ko ƙwayoyi don ya iya wuni, lokacin ganin likita ya yi. Ciwon damuwa da fargaba suna da magani, ta hanyar zaman tattaunawa da ƙwararre ko shan magani ko duka biyun, kuma mutane da yawa suna warkewa su ci gaba da aikinsu. Ma'aikata ta tanadi sunayen wuraren da za a iya zuwa tun kafin a bukace su, ta duba ko inshorar lafiyar ma'aikata ta haɗa da wannan fanni, ta kuma ba da izinin zuwa ganin likitan ƙwaƙwalwa kamar yadda take bayarwa ga mai hawan jini. Wasu wuraren sukan horar da 'yan ma'aikata kaɗan a kan taimakon farko na lafiyar ƙwaƙwalwa, tsarin da Betty Kitchener da Anthony Jorm suka faro a Ostireliya a farkon shekarun 2000. Yana da amfani, muddin an fahimci cewa aikinsu saurare ne da nuna hanyar asibiti.

Magana mafi nauyi ita ce ta kashe kai, kuma gara a san abin yi tun kafin ranar ta zo, domin sama da mutum 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara a duniya. Idan abokin aiki ya ce ya gaji da rayuwa, ko ya ce mutane za su huta idan babu shi, kada a ɗauka wasa ne ko neman a kula shi. A tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa, ko yana tunanin kashe kansa. Wannan tambaya ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, kuma takan zama sauƙi ga wanda ya daɗe yana ɗauke da shi shi kaɗai. Idan ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a nisanta shi daga abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kira wani nasa da ya yarda da shi, a kai shi asibiti a ranar. A nan riƙon sirri yake ja da baya, kuma a gaya masa dalili.

Idan kuma wani mummunan abu ya faru a wurin aiki, kamar haɗari ko fashi ko mutuwar abokin aiki, kada a tara mutane a tilasta wa kowa ya ba da labarin abin da ya gani dalla-dalla, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan irin wannan zama. A tabbatar musu da tsaro, a ba su sahihin bayani, a sassauta aiki na 'yan kwanaki, a sa ido a kan wanda bayan wata guda har yanzu bai dawo daidai ba.

Wanda ya tafi jinya kuwa, kada a yi watsi da shi kuma kada a dame shi. A tambaye shi sau nawa yake so a tuntuɓe shi da kuma ta wace hanya. Kafin ya dawo a zauna da shi a tsara dawowar: ya fara da rabin wuni na mako biyu ko uku, a ba shi aiki mai iyaka bayyananne, a sauya masa lokacin shiga idan maganin da yake sha yana sa shi nauyin jiki da safe, a bar masa damar zuwa asibiti ranakun da aka ba shi. A tambaye shi abin da yake so a faɗa wa abokan aiki, a tsaya a kan iya wannan. Kuma kada a ɗauke masa duk wani aiki mai muhimmanci da sunan tausayi ba tare da an ji ta bakinsa ba, domin mutum yana gane lokacin da aka daina ganinsa da daraja, kuma wannan kaɗai ya isa ya mayar da ciwo.

Shi ma ma'aikaci yana da nasa rabon. Ya kare barcinsa, wanda ga babban mutum bai kamata ya gaza awa 7 ba, ya motsa jiki, ya riƙe mutanen da yake iya buɗe wa cikinsa, kuma idan an ƙara masa aiki a kan wanda ya riga ya cika masa hannu ya koyi cewa, “Yallaɓai, ga abubuwa uku a hannuna, wanne zan fara, wanne zai jira?” Wannan tambaya ba rashin ladabi ba ce, kuma tana mayar da zaɓin ga wanda ke da ikon yin sa.

Duk abin da aka yi, a sa wa wani babba guda ɗaya alhakinsa da sunansa, a ware masa kuɗi da lokaci, a kuma sa wakilan ma'aikata ko ƙungiyarsu a cikin masu yanke shawara. Ƙaramin wuri mai mutum biyar ba ya bukatar kwamiti, zaman minti 20 da kowane ma'aikaci sau ɗaya a wata ya wadatar. Bayan wata shida a sake yin tambayoyin farko da kalmominsu na farko, a kwatanta amsoshin, a duba awannin aiki da yawan masu ajiye aiki sashe-sashe. Idan aka ga masu neman taimako sun ƙaru a shekarar farko kada a firgita, domin sau da yawa waɗanda suka daɗe suna ɓoyewa ne suka fara fitowa. Sakamakon, mai daɗi da marar daɗi, a karanta shi a gaban ma'aikatan da suka amsa tambayoyin, a kuma faɗa musu matsala ta gaba da za a kama da ranar da za a dawo musu da bayani a kanta.